Jan Layi a Tsakiyar Gado

Mutumin ya yi sallama da hantsi, ina tsakiyar yanka wa wata mata riga. Da igiya a kafaɗarsa, da gwangwanin jan fenti a hannu, ya ce daga ofishin lafiya yake, yana neman izinin shiga ɗakin kwananmu. Na ce, "Ɗakin me?" Ya maimaita, ko a jikinsa. Da ni kaɗai ce a gidan da ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa, amma Malam, maigidana, ya ɗago kai daga agogon da yake gyarawa ya ce, "Bismillah, shigo. Aikin hukuma ne." Haka yake. Ko akuya ce ta zo da takarda mai hatimi, sai ya ba ta kujera.

Bari in faɗa muku mafarin abin. A ƙarshen layinmu akwai kamfanin da ke narka tsofaffin batura da wayoyin wuta. Shekara goma sha tara yana yi mana hayaƙi. Ka shanya farin zani da safe, da la'asar ka kwashe ruwan toka. A cikin shekara huɗu ciwon daji ya ɗauke mana manya bakwai, har da mai wanki, da malamar makaranta, da wani direba da ƙaninsa. Da abin ya yi yawa, masu bincike suka zo suka ɗebi ƙasa da ruwa a kwalabe, suka tafi, suka rubuto cewa manyan da ke kwana kusa da kamfanin sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa. Sannunsu da aiki! Mu da muka gaji da zaman makoki ai mun riga su sani.

Kamfanin dai ba wanda ya ce masa ci kanka. Abin da aka yi shi ne, aka turo wata doguwar motar asibiti mai na'urori, da likita a ciki, ta tsaya a bakin layi na sati uku. Duk babban da ya shekara goma yana kwana a cikin mita ɗari biyar daga kamfanin za a ba shi jan kati, a duba shi, in an ga wani abu a wuce da shi kai tsaye. Wanda yake waje kuwa, sai ya bi layin babban asibiti. Na riga na je can na nema wa Malam rana a ɓoye. Sun ba ni wata tara.

Ba ni da wata tara. Ni tela ce, shekara talatin ina ɗinka wa mutumin nan riguna. Wata huɗu da suka wuce na ga wuyan rigarsa ya matse shi, ƙugun wandonsa kuma yana zamewa. Na saki wuya, na rage ƙugu. Bayan sati shida na sake saki, na sake ragewa. Wani ƙullutu ne a gefen wuyansa na dama, ƙasa da kunne, kuma kullum ƙaruwa yake. Da na yi masa magana ya ce matashin kai ne ya yi tauri. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa ka zare allura ka mance me za ka ɗinka.

To, Mai Igiya ya shiga ɗakinmu. Tun daga ƙofar kamfani yake jan igiyarsa, yana jefa ta bisa katangun mutane, yana shafa fenti inda awo ya cika. A gidanmu awon ya cika a kan gado. Ya ja jan layi daga bango, ya bi ƙasa, ya hau katakon gado, ya sauka ta ƙafa. Da ban fizge zanin gadona ba da shi ma ya sha fenti. Sannan ya ciro takarda ya ce, "Wa ke kwana ta bango, wa ke kwana ta taga?"

Nan bakina ya cuce ni. Na ce, "Ni ce ta bango! Tun ranar da aka kawo ni gidan nan, kuma ba mai tayar da ni." Har da alfahari, kamar an tambaye ni wa ya gina gidan.

Ya rubuta, ya ɗauki hoton gadon, ya miƙo mini jan kati. Na ce, "Na Malam fa?"

"Malam yana waje," in ji shi.

"Wane waje? Ga shi nan a gabanka."

"Wajen layi, Hajiya. Ɓangaren bango ne a cikin haɗari. Ɓangaren taga lafiya lau."

Na ce, "Bawan Allah, ta tagar hayaƙin ke shigowa! Shi yake fara shaƙa, ni ragowa nake samu."

Ya ce shi awo aka aiko shi, ba a aiko shi iska ba. Ya yi wa Malam murna, suka yi hannu, ya fita ya bar mini sawun fenti a kan ledar ɗaki.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Malam ya yarda. Ya tsaya ya daɗe yana kallon layin nan, sannan ya juyo ya dube ni da idon tausayi ya ce, "Sannu, Tela. Ya jikin?"

"Jikin wa?"

"Zauna, zauna. Kada ki wahalar da kanki."

Daga ranar na zama marar lafiya a gidana. Ya hana ni ɗaukar bokiti. Ya hana ni taka keken ɗinki fiye da awa ɗaya, kuma da agogo yake auna mini. Mutumin da hawa matakala uku ke sa shi haki, shi ke kawo mini shayi, rabi a kofi rabi a faranti. Maƙwabciyata Mai Ƙanƙara, wadda gidanta gaba ɗaya ya faɗa waje, ta zo dubiya da lemo a leda. Ta zauna daga ɓangaren taga, ta miƙo mini daga nesa, tana cewa, "Allah ya sa kaffara ne." Ni da nake cin kwano biyu in nemi ƙari! Malam kuwa ta ce masa ya yi kyau, ramar ta karɓe shi.

Washegari na tura gadon da ƙarfina har ya manne da bango, na tafi ofishin lafiya. Akawun da ke ba da kati wani siriri ne mai biro uku a aljihu. Na ce masa yanzu gadon duk yana ciki. Ya ciro hoton da Mai Igiya ya ɗauka ya ce gadon da ofis ya sani ke nan. Na ce to mun yi musayar wuri, Malam ya koma bango. Ya ce madalla, in dawo bayan shekara goma.

Na ce, "Ɗana, kana da aure?"

Ya ce yana da shi.

"To ka taɓa ganin mutum ya kwanta kamar an shimfiɗa katako har gari ya waye? Mutumin nan juyi yake yi. Shekara talatin hannunsa na hagu yana faɗo mini a fuska."

Sai ya gyara zama. Ya ce wannan magana ce mai ma'ana, akwai takardar da ake cikewa. Ya tambaye ni iya ina hannun ke ƙetarowa, gwiwar hannu ko kafaɗa. Na ce har kai da wuya. Ya ce kai da wuya sai da shaidu biyu waɗanda ba dangi ba. Na ce, "Shaidu biyu a ɗakin kwanana? Kai, ka ji tsoron Allah!" Ya ce to a tsaya a kafaɗa.

Kwamitin ofishin ya zauna kwana shida a kan maganar. Ranar ta bakwai aka aiko mana da ɗan ƙaramin kati, rabin girman nawa, an rubuta: hannun hagu, daga yatsu zuwa kafaɗa.

Na ce ko ba komai a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. In dai ya shiga motar, likita ai tana da ido. Na sa shi a gaba muka tafi. Ashe sun riga ni dabara. Mai gadin motar ya karanta katin ya ce mai hannun ba zai shiga ba, hannun ne kawai. Akwai wata 'yar taga a gefen motar. Aka ajiye wa Malam kujera a waje, ya zura hannu ciki, wata nas ta lalube shi daga yatsu zuwa kafaɗa, ta ce hannu lafiya ƙalau. Na leƙa ta tagar na ce, "'Yata, don girman Allah ɗago kanki ki dubi wuyansa, ga shi nan kusa da ke." Ta ce ita ma ta so, amma in ta duba abin da ba ya cikin kati ba ta da inda za ta rubuta shi, kuma abin da ba a rubuta ba likita ba ta gani. Malam ya zaro hannunsa yana murmushi, ya ce mini, "Kin ji ko? Lafiya ƙalau. Saura ke." Na ce ba zan shiga ba sai ranar da zai shiga. Muka dawo gida.

Saura kwana takwas motar ta tashi. Ranar na ɓata wa wata amarya hannun riga, abin da ban yi ba tun ina koyo. Na ajiye almakashi na fita neman Mai Igiya, ba don komai ba sai don in zazzage masa abin da ke cikina in huta.

Na same shi a gindin wata katanga, ya tsuguna yana ɗaure igiyarsa. Kwalaben da ake kafawa a kan katanga sun yanke ta. Na buɗe baki zan fara, sai idona ya sauka a kan ƙullin. Na ce, "Tsaya. Ƙulli nawa ne a igiyar nan?"

"Wannan ne na uku."

"Ranar da ka zo gidana nawa ne?"

"Biyu."

"Tsawonta nawa?"

"Mita hamsin. Sau goma nake shimfiɗa ta."

Wayyo Allah, daɗi kashe ni! Ko yarinyar da ta fara koyon ɗinki jiya ta san ƙulli yana cin zare. Na zaro tef ɗina daga wuya, na sa shi ya kwance ƙulli ɗaya, na auna a gabansa. Inci huɗu. Ƙulli biyu inci takwas, sau goma inci tamanin. Na ce, "Ka cinye mana fiye da mita biyu, malam. Mijina yana ciki, shi da tagarsa da labulenta."

Gumi ya keto masa. Ya ce in rufa masa asiri. Na ce asirinsa a rufe yake, in dai layi ya matsa. Akawu ya so ya ce igiyar da ofis ya sani ba ta da ƙulli, sai na shimfiɗa masa ita a kan tebur, na zauna a kan kujerarsa ta baƙi, na ciro ɗinkin hannu na fara. Na ce ina nan har a tashi, gobe ma zan dawo da abincina. Kwana uku na yi ina yi musu ɗinki a ofis. Har maɓallin rigar akawun na sa masa, don ganinsa a haka yana damuna. A rana ta huɗu kwamiti ya amince a sake awo da sabuwar igiya.

Layin ya matsa, unguwa ta hargitse. Mai Ƙanƙara ta wayi gari firjinta yana ciki, ta zo har ƙofar gidana tana cewa na jawo mata ciwo, ita da take zaune lafiya. Na ce, "Yaya, hayaƙin da kike shaƙa jiya shi ne na yau." Ta ce jiya ai ba a rubuta ba. Mai askin unguwa kuwa, da kujerar askinsa ta shigo ciki, ya aiko mini da godiya. Ni duk ba su ne a gabana ba. A gidanmu sabon layin ya fita ta taga, ya ratsa tsakar gida, ya bar wani ɗan siririn wuri tsakanin tankin ruwa da katangar baya, inda muke jingine tsintsiya.

Sai ranar ƙarshe katin ya fito. Motar za ta tashi ƙarfe huɗu. Na karɓo shi ƙarfe biyu saura, cikakken jan kati da sunan Malam, na taho ina sauri har takalmina ɗaya ya tsinke, na riƙo shi a hannu. Na shiga gida ina kira. Ba ya kan teburin aikinsa. Ba ya ɗaki.

A bayan tanki na same shi. Ya kwashe tsintsiyoyin, ya cusa kujerarsa a ɗan wurin nan, ya zauna a takure, gwiwoyinsa sun haɗe, ya ɗage yatsun ƙafarsa don kada su taɓa fenti. Ya kawo matashin kansa da butarsa da ɗan akwatin kayan aiki. Har da agogon wani a cinyarsa, wai yana gyara.

Na ce, "Malam, me nake gani haka?"

"Nan ya fi iska," in ji shi.

"Ga katinka. Tashi mu tafi."

"Ai ni ina waje."

"Kana waje? Kwana uku na yi a ofishin mutane kamar marar gida! Na tsinke takalmi! An zage ni a unguwa! Ka ce mini kana waje?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya ɗan ƙaramin sukundireba a cikin agogon, alhali na ga ba abin da yake kamawa. Can ya ce, "Tela, ke kina ciki. In ni ma na shigo, wa zai yi jinyar wani? Gida ai sai an bar mutum ɗaya a waje."

Na so in yi ihu. Na so in ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya, kuma wallahi da zan iya, don bai fi buhun yadi nauyi ba a lokacin. Amma na dube shi a matse tsakanin tanki da katanga, dattijo mai furfura yana ɓoye yatsun ƙafa, sai faɗan ya mutu a bakina. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina da ban gane da wuri ba. Mutumin nan bai yarda da layin ba ko na minti ɗaya. Wurin ɓuya ya samu.

Na ajiye takalmin, na tsuguna a gabansa daga cikin layi. Na ce, "Malam, tsoro nake ji."

Ya ɗago.

"Sati uku ina cika baki, amma tsoron motar nan nake yi. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba. In sun faɗa mini wani abu, a gaban wa zan ji shi? Mai gadi ba zai bar ka ka raka ni ba sai da kati. Riƙe shi kawai, don ƙofa."

Rabin maganar dabara ce, rabi kuma gaskiya, kuma ni kaina ban san inda ɗaya ta ƙare ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya rufe bayan agogon, ya sa shi a akwati, ya dafa tanki ya miƙe. Ya ce, "To ai sai ki faɗa tun farko. Sa wani takalmin, kada ki taka ƙusa." Ya ɗaga ƙafa ya tsallake fentin kamar mai tsallake kwata.

Muka isa ƙarfe uku da kwata, ana ta naɗe rumfa. Mai gadi ya duba kati biyu, ya juya su, ya sake dubawa, ya buɗe ƙofa. Malam ne ya riƙe mini hannu a matakala, yana cewa in yi a hankali, shi da ya tsaya hutawa a ta biyu.

Likitar wata mace ce mai gilashi, gajiya ta gama cinye ta. Tana rubutu ta ce mu zauna, ba ta ɗago ba. Malam ya ce, "Likita, iyalina na kawo." Ta ɗago don ta amsa masa, sai biron ya tsaya. Ba ta ko kalli inda nake ba. Ta taso, ta zagayo teburin, ta ce ya buɗe maɓallin wuya. Ta sa yatsu biyu a ƙasan kunnensa, ta danna, ta bi har ƙashin wuya, ta koma ɗaya gefen. Fuskarta ba ta nuna komai ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ta ce, "Baba, tun yaushe wannan yake nan?"

Na yi caraf na ce, "Wata huɗu, likita. Ni na fara gani."

Malam ya gyara murya. Ya ce, "Shekara ɗaya da wata biyu da kwana tara."

Na juya na dube shi. Bai yarda mun haɗa ido ba. Likita ta ja wata doguwar takarda daga aljihun tebur, ta fara cikewa da sauri, ta ce wa nas ta gaya wa direba kada ya tayar da mota tukuna. Malam ya mai da maɓallinsa, ya daɗe yana lalubar ramin.

Ya ce, "Likita, ba gaggawa. Ki fara duba ta, don Allah. Tun safe ba ta ci komai ba."